Katin Malam Da'u da Gonar Gandu

Na yi shekara bakwai ina karatu a ƙasar da kusan kowa yake yawo da katin bashi a aljihu. Saboda haka ranar da Malam Da'u ya same ni a ƙofar gidanmu a Gaya, ya miƙo mini takardar banki yana cewa ai ni na zauna inda ake irin wannan harka, ban yi minti biyar ba na ba shi amsa. Na ce ya nemo kuɗin duk inda suke, ya biya gaba ɗaya, ya huta. Ya yi godiya, ya ninke takardarsa ya sa a aljihu, ya tafi. Bai bi shawarata ba.

Yau shekara ɗaya da wata biyu ke nan. Duk sanda na sake buga lissafin, amsar nan tawa ce take fitowa. Abin da na fara kokwanto a kansa shi ne ko na lissafa abin da ya kamata a lissafa. Kokwanton nan ne ya riƙa mayar da ni wurinsa da wurin mai ɗakinsa, ina tambaya suna ba ni labari. Na sauya sunayensu, domin shi ya roƙi haka.

A Gafasa aka haifi Da'u, can ƙasar Ajingi. Su biyu ne suka rayu a wurin iyayensu. Shekarar da aka zo ɗaukar yara makarantar boko, tsohon ya dubi 'ya'yansa, ya ba da ƙaramin, ya riƙe babban, Kabo, a gona. Babu wanda ya zaunar da su ya yi musu wata yarjejeniya, amma kowa ya san yadda abin zai kasance. Kabo zai riƙe gandu, wato babbar gonar gidan da ba a raba ba. Da'u kuwa, idan ya fara ɗaukar albashi, shi zai riƙa kawo takin zamani, da kaka a raba amfani. Haka aka yi ta yi har tsohon ya rasu, kuma ko bayan rasuwarsa ba su kira kowa ya raba musu gado ba.

Shekara ashirin da uku Da'u yana koyarwa a wata firamare a Kademi. Gidan haya yake zaune a Gaya, kusa da dangin matarsa Hanatu, kullum da safe ya hau tsohon baburinsa ya tafi. Albashinsa dubu tamanin da huɗu ne. Abin da ya sa yake isarsa, shi da mata da 'ya'ya biyar, shi ne bai taɓa auna ƙwayar hatsi a kasuwa ba. Duk kaka sai mota ta sauke masa buhunan gero da dawa da wake daga Gafasa. Abokan aikinsa suna yi masa tsiya, wai alli ne a hannunsa amma cikinsa na manomi ne.

Katin ya zo ne shekara huɗu da suka wuce. Wasu ma'aikatan banki suka zo makarantar lokacin tara, suka kafa tebur a gindin darbejiya, suka ce duk mai karɓar albashi ta wurinsu zai iya samun kati, ya sayi abin da yake so, idan ya mayar cikin kwana arba'in ba a ɗora masa ko kwabo. Sau uku Da'u ya tambaye su batun kuɗin ruwa, sau uku suka maimaita masa maganar kwana arba'in. Ya karɓa, ya jefa a akwati, ya yi wata huɗu bai taɓa shi ba.

Sai damina ta kama, taki ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Buhu shida gandun yake ci, albashin watan bai sayi biyu ba. Kabo ya aiko cewa gero ya fara yin ɗorawa-ɗorawa, yana jiran taki. Da'u ya ɗauko katin ya tafi wurin dillalin taki a kasuwar Gaya, aka zura shi a na'ura, aka loda masa buhu shida. Ya ce abin da ya fi ba shi tsoro a ranar shi ne sauƙin abin.

A ransa ya riga ya yanke cewa da kaka zai biya. A garinsu haka bashin noma yake: ka karɓa da damina, ka biya idan an yi girbi, babu mai ƙirga maka kwanaki. Ya san da kwana arba'in ɗin, amma sai ya ɗauke shi kamar yadda ake ɗaukar maganar mai shago idan ya ce ƙarshen wata. Da saƙo ya fara shigowa wayarsa yana faɗa masa mafi ƙarancin abin da zai biya a wata, sai ma ya ji daɗi. Ya ɗauka irin na mai shagon ne, abin da ka kai a cire shi daga abin da ake binka. Mutumin da yake koya wa 'yan aji huɗu lissafi ya yi wata tara yana biya kafin wata rana ya zauna ya dubi lambar da ke ƙasan saƙon, ya ga ba ta motsa ba.

Kakar kuma ba ta zo da abin da aka sa rai ba. Ruwa ya ɗauke mako uku cikin Agusta, daidai lokacin da gero yake fitar da kai. Rabin abin da aka saba samu aka ɗaure. Da damina ta zagayo ya sake zura katin. Sannan Inna, mahaifiyarsu, ta kwanta ciwon da ya kai su asibiti a Kano wata huɗu. A watannin nan, da saƙon shigar albashi ya iso wayarsa sai ya ruga wurin mai POS, mai cire wa mutane kuɗi da na'ura, ya kwashe kuɗin kaf kafin bankin ya taɓa su, ya kai kantin magani. Inna ta rasu ranar wata Laraba. Kafin a yi sadakar arba'in, dubu ɗari uku da tamanin da ya ciro sun zama dubu ɗari shida da goma, da kuɗin ruwa da tara.

Daga nan wayarsa ta zama abin da yake tsoron ɗauka. Yana gaban allo sai ta yi ta ruri a aljihu, yara suna kallonsa.

Cikin watan Afrilu, ana tsakiyar zafin bazara, wata ma'aikaciyar bankin mai suna Naja'atu ta kira shi, ta yi masa magana da ladabi, har da ta'aziyya. Bayan kwana biyu takardar ta iso. Hanya biyu suka ba shi. Idan ya kawo dubu ɗari huɗu a dunƙule cikin kwana ashirin da ɗaya, za a yafe sauran, a rufe maganar. Idan ba zai iya ba, sai ya sa hannu a riƙa cire dubu ashirin da bakwai daga albashinsa tun kafin ya gan shi, har wata arba'in da biyar.

Dubu ɗari huɗu. Awakin Hanatu sun tafi a jinyar Inna. Babur ɗin ko an sayar ba zai kawo rabin rabi ba, kuma da shi yake zuwa aiki. Abu ɗaya ne suke da shi a duniya da zai iya kawo irin wannan kuɗi cikin mako uku, kuma duk gidan sun san shi, ko da yake an yi kwana huɗu babu wanda ya ambace shi.

Hanatu ce ta fara. Tana tsakar gida tana matsar man gyaɗa, sana'ar da take yi tun aurensu, shi kuma ya dawo daga makaranta yana cire takalmi.

"Malam, ni fa ban ce a sayar ba. Jingina na ce."

Jingina ita ce mutum ya ba ka kuɗi ya karɓi gonarka, ya noma ya ci amfanin, har ranar da ka dawo masa da kuɗinsa. Ba ta da wa'adi, kuɗin kuma ba ya ƙaruwa.

"Na ji ki."

"Ba ka ji ni ba. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na iya ƙirga kwalabe. Dubu ashirin da bakwai ɗin da za su riƙa cira, ka riƙa ba ni ina ajiyewa. Wata goma sha biyar ka fanshi gonarku. Su kuwa wata arba'in da biyar suke so, har ka biya ninkin abin da suke binka. Wanne ne ya fi sauƙi?"

"Naki ya fi sauƙi."

"To?"

Ya ci gaba da cire takalminsa. Ta goge hannunta a zani, ta rage murya don kada a ji a ɗaki.

"Bara'atu fa? Yarinyar nan sau biyu tana zana jarrabawa kafin sunanta ya fito. Makarantar koyon aikin lafiya ba ta jiran kowa. Idan albashinka ya dawo cikakke, za mu lallaɓa mu biya mata. Idan suka fara yanka, da me? Da ƙuli-ƙuli?"

Bara'atu ce babbar 'yarsu. Takardar shigarta makarantar tana cikin jakar da Da'u yake ajiye takardun aikinsa, kuma ya san ranar da za a rufe rajista kamar yadda ya san ranar da wa'adin banki zai cika.

Gaskiya Hanatu ta faɗa, kuma ya san haka. Amma tun ranar da takardar ta zo yake wani ƙirgen a ransa wanda bai faɗa wa kowa ba. Yana tuƙin babur zuwa Kademi yana lissafa gonakin da ya san an jinginar a Gafasa tun yana yaro. Ya samu goma sha ɗaya. Biyu ne suka dawo. Sauran taran, kowane mai gona ranar da ya karɓi kuɗin cewa ya yi baɗi zai fansa, kuma ba ƙarya yake yi ba. Da'u ya san inda kuɗin fansar yake zuwa. Ranar da gandu ya bar hannunsu, motar kaka ta daina zuwa Gaya, sai ya fara auna gero da kwano a kasuwa. Gidan Kabo kuma baki goma sha ɗaya ne, ba su da komai sai 'yar gayauna, ƙaramar gonar Kabo ta kansa, a bayan gida wadda ba ta ciyar da su wata uku. Wa zai auna musu? Mai albashi. Sai ciwo, sai suna, sai rasuwa a dangi. Kuɗin da banki ya cire da ƙarfi kowa yana ɗaga maka ƙafa a kansa. Wanda yake ajiye a ɗakin matarka, babu ɗan'uwan da zai kwana da yunwa ka ce masa na fansar gona ne.

Ya je wurin limamin unguwarsu, yana fatan a yanke masa hukuncin da zai huta da tunani. Liman ya ce kuɗin ruwa wuta ne, duk wanda ya samu ƙofar fita ya yi sauri. Da'u ya ce ƙofar jingina ce. Liman ya ce ita ma jinginar da mai kuɗi yake cin amfanin gona malamai da yawa ba su yarda da ita ba, bashi ne da ya jawo riba. Ya yi masa addu'a, suka rabu.

Ranar kasuwa ya tafi rumfar Alhaji Bappa, dillalin hatsi, wanda gonarsa ta yi iyaka da gandunsu ta gabas. Bai kai ga buɗe baki ba Alhaji ya sa aka shimfiɗa masa tabarma aka kawo ruwan sanyi.

"Malam Da'u mai alli! Ashe za ka tuna da mu jahilai. Yaya zafi? Yaya haƙurin Inna?"

Suka gaisa, Da'u ya fara kewaye-kewaye. Alhaji ya ɗaga hannu.

"Kada ka wahalar da kanka, maganar ta iso ni. Ɗari huɗu ko? Suna nan. Yau kake so, gobe kake so, a kira mai unguwa da shaidu biyu a rubuta. Mahaifinku mutumina ne, ba zan bari banki ya ci mutuncin ɗansa ba."

"Allah ya saka da alheri. Sai dai na ce ko za a bar mu mu noma ta bana, ka karɓa bayan kaka."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Haba Malam! In ba da kuɗi a bazara in karɓi gona da rani, in noma me, iska? Kafin ruwan farko za a miƙa, yadda aka saba. Abin da ke kan gona kuma na gona ne." Ya kurɓi ruwa. "Ni ba na gaggawa. Ku ma bar Kabo ya ƙarasa kai takinsa tukuna, kada a katse wa bawan Allah aiki."

Ya faɗe ta cikin raha, mutanen rumfar suka taya shi dariya. Da'u ma ya yi murmushi, domin babu abin da zai yi in ba shi ba. Sai da ya fito rana ta buge shi sannan maganar ta zauna masa sosai.

Tun da suka ga takin zamani yana neman fin ƙarfinsu, Kabo ya koma wa na gargajiya da gaske. Bayan girbi ya bar wa wasu makiyaya karan gonar, suka yi wata guda shanunsu suna kwana a ciki. Daga watan Janairu ya fara jigila da amalanke: takin turken gida, jujin unguwa da ya saya, tokar murhu, kashin awaki. Duk kwana biyu sahu ɗaya, wani lokaci kullum, shi da shanun huɗarsa. Irin wannan taki ba na shekara ɗaya ba ne, ƙasa takan yi shekara uku tana cinsa. Kuma ba a kwashe shi idan gona ta canza hannu.

Ranar Asabar, saura kwana uku wa'adi ya cika, Da'u ya yi sammako ya tafi Gafasa. A hanya ya shirya maganarsa tsaf. Zai faɗa wa yayansa lissafin Hanatu, wata goma sha biyar, zai yi masa alkawarin buhu biyu na hatsi duk wata. Ya maimaita har ya fara yarda da ita.

Ya tarar da Kabo a bayan gida yana loda amalanke da shebur, ba riga, ƙura ta yi masa fari har gira. Kabo ya girme shi da shekara huɗu kawai, amma wanda bai san su ba zai ce ubansa ne.

"A'a, Malam Boko! Yau ba makaranta, ko an kore ka ne?"

"Asabar ce, Yaya."

"Mu nan ba mu san ta ba. Cire wannan farar rigar ka kama shebur, in ga ko hannun ya mutu."

Ya cire, ya kama. Suka loda tare suna nishi. Talatu, matar Kabo, ta leƙo ta gaishe shi, ta ajiye musu kwanon fura a inuwa. Da amalanken ya cika suka hau gaba, Kabo ya taɓa shanun da tsumagiya, suka kama hanya a hankali.

Da'u yana neman ta inda zai fara, sai Kabo ya riga shi.

"Shekaranjiya na ga mutanen Alhaji Bappa suna taka iyakarmu ta gabas. Suna ƙirga taku. Na ce musu sannu da aiki."

"Yaya, ni ban..."

"Tsaya. Kuɗin nan da ake binka, riga ka saya da su? Mata ka ƙara? Taki ka sayo wa gonar nan, sauran kuma albashinka ya tafi a maganin Inna, ni ban kai ko allura ba. Bashin namu ne mu biyu. Idan gonar ce za ta fitar da kai, a ba shi. Ba zan ce maka ina so ba. Amma a ba shi."

Ya faɗi haka yana kallon bayan shanun. Da'u ya dubi hannuwan da ke riƙe da igiya, duk sun tsage, ƙasa ta shige cikin tsagar.

"Kai kuma fa?"

"Ni? Alhaji zai nemi 'yan ƙwadago. Wa ya fi ni sanin gonar? Na san inda ruwa yake kwanciya, na san inda gara take." Ya yi wata 'yar dariya. "Ƙila ma ya sa ni shugabansu."

Suka yi tafiya kaɗan. Daga nesa ana hango gandun, tsibin taki baƙi-baƙi jere a cikinsa tun daga bakin hanya har gindin tsamiyar da ke can ƙarshe.

"Sahu nawa ka kai?"

"Da wannan arba'in da ɗaya. Saura kamar tara a gida." Kabo ya ja igiya, shanun suka rage tafiya. "Abu ɗaya nake so da kai, Da'u. Wanda na kai, na kai, ba na waiwayensa. Amma wannan da ke bayanmu da taran da suka rage, idan gonar za ta tafi, gara in juye su a gayauna, yara su samu abin da za su ci. Ga mararraba nan. Dama gandu, hagu mu zagaya mu koma bayan gida. Ba na son dogon Turanci. Ina zan juya?"

Shanun suka tsaya da kansu a mararrabar, suna kaɗa ƙuda da wutsiya. Duk maganar da Da'u ya shiryo a hanya ta watse. Abin da yake gani kawai shi ne yayansa a sunkuye cikin layin 'yan ƙwadago, a kan takin da ya yi wata uku yana jigila, da yamma a ƙirga masa kuɗin yini a tafin hannu. Ya ga kuma fuskar Bara'atu, da jakar takardu. Ya san idan ya ce zai ci gaba da biya, Kabo zai tambaye shi nawa, har yaushe, kuma idan ya ji amsar ba zai yarda ba.

"Dama abin da na zo faɗa maka ke nan," in ji Da'u. Muryarsa ta fito daidai, har ya yi mamaki. "Jiya sun kira ni. Sun duba sun ga rasuwa aka yi mini, sun sassauta. Kaɗan-kaɗan za su riƙa cira, wata shida an gama."

Kabo ya juyo ya dube shi sosai, karon farko tun da suka hau.

"Banki?"

"Banki."

"Ashe suna da iyaye." Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya taɓa san hagu da tsumagiya, amalanken ya karkata dama.

Suka juye takin kusa da tsamiya. Da suka koma gida Da'u ya sha furar Talatu, ya yi azahar a masallacin da aka yi wa mahaifinsu salla, ya hau babur. Ranar Litinin ya shiga Kano ya sa hannu a takardar wata arba'in da biyar. Naja'atu ta tambaye shi ko ya gane cewa tayin farko ba zai dawo ba. Ya ce ya gane.

Hanatu ba ta yi faɗa ba, kuma ya ce da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "To, kai ka faɗa wa 'yarka, ba ni ba." Ya kira Bara'atu ya faɗa mata. Ta ce, "Ba komai, Baba," ta tashi ta shiga ɗaki. An rufe rajista babu ita. Yanzu tana taya uwarta suyar ƙuli-ƙuli, kuma da na tambayi Hanatu ko yarinyar za ta sake zana jarrabawar, sai ta ce ba ta ƙara ɗaga littafi ba. A Gafasa an ce musu sunanta ne bai fito ba.

Gandun ya yi kyau bara. Ba irin kyan da ake ba da labari ba, amma rumbun Kabo ya cika, mota kuma ta sauke buhu goma sha ɗaya a Gaya. Da wata shida suka cika, Kabo ya yanka zakara biyu ya yi sadaka, ya aiko wa ƙaninsa cinya a cikin kwano, wai an fita daga hannun banki. Hanatu ta karɓa ta yi godiya, ta raba wa ƙananan yaran.

Dubu hamsin da bakwai ne suke shigo wa Da'u yanzu. Daga ciki akwai haya, da mai, da sabulu, da makarantar yara huɗu. Takin zamani kuma har yanzu a wuyansa yake, domin idan bai kai ba za a tambaye shi dalili. Saboda haka idan an tashi daga makaranta yakan ci abinci a tsaye, ya ɗaura ƙyalle a fuska, ya fita acaɓa tsakanin Gaya da Kademi har magariba. Yana da shekara arba'in da tara. Wani lokaci wanda ya ɗauko tsohon ɗalibinsa ne, sai su yi kamar ba su gane juna ba, a miƙa kuɗi a karɓa. Ba ya bin hanyar Ajingi, ranar kasuwar Gaya kuma ba ya fita sam, saboda ranar mutanen Gafasa suke shigowa. Da kuɗin acaɓar ya sayi buhu biyu na takin bana. Ya ce wa Kabo ai ƙasar ta ƙoshi da na gargajiya, biyu sun isa, Kabo ya ce haka ne.

Makon jiya na same shi a ƙofar gida yana ɗaure sarƙar babur. Ya nuna mini saƙon watan nan. Sau goma sha huɗu an cira, dubu ɗari uku da saba'in da takwas ke nan, bashin kuwa da dubu ɗari kawai ya ragu. Kusan abin da suka nema a dunƙule ya riga ya ba su, kuma har yanzu suna binsa fiye da shi. Ya san wannan, ba sai na faɗa masa ba. Ya karɓi wayarsa ya mayar aljihu, ya ci gaba da aikinsa.

Na ce, "Malam, idan Kabo ya gane fa?"

Ya goge baƙin mai a tsumma.

"Idan ya gane da safe, kafin azahar yana ƙofar Alhaji Bappa da shaidu biyu. Shi ne babba, ba sai ya tambaye ni ba. Saura wata talatin da ɗaya. Yaya ba ya tambayar mutum kuɗi, kallonsa yake yi. Shi ya sa duk ranar da zan je Gafasa sai Hanatu ta goge mini rigar Salla, idan kuma Talatu ta kawo tuwo, loma uku nake yi in ture kwanon, in ce a ƙoshe na fito daga gida."